Rammakim: Asali da Ma'anar Kalmar Dawaki da Ta Gagari Malamai

A cikin Littafin Esta, sura ta 8, aya ta 10, akwai wata kalmar Ibrananci da ta fito sau ɗaya tak, ba ta kuma sake fitowa ba a duk faɗin littattafan da Yahudawa ke kira Tanak, Kirista kuma ke kira Tsohon Alkawari. Kalmar ita ce rammakim. Babu mai musun cewa maganar abin hawa ake yi a wurin, domin ayar tana bayanin yadda aka tura wasiƙun sarkin Farisa zuwa lardunansa cikin gaggawa. Inda aka rabu shi ne irin dabbar. Wasu malamai sun ce goɗiyoyi ne, wasu suka ce alfadarai, wasu suka ce raƙuman gudu, wasu kuma suka ce garke ne sukutum. An shafe kusan shekara dubu biyu ana wannan ja-in-ja, kuma sai a ƙarni biyun da suka wuce aka samu hujjojin da suka kusa raba gardamar.

Dalilin wahalar a fili yake. Kalmar da ta fito a wurare da yawa, wuraren nan su ne shaidunta. Sus, wato doki, ta fito sama da sau ɗari, a fagen fama, a barga, a gaban keken yaƙi, har ba sauran mai tambayar me take nufi. Wadda ta fito sau ɗaya kuwa ba ta da mai tsaya mata. An ƙirga irin waɗannan kalmomi kimanin 1,500 a cikin Tanak, kuma wajen 400 daga cikinsu ba su da wani dangi sananne a cikin harshen da za a jingina su da shi. Ga shi kuma Littafin Esta ne kaɗai ba a samu ko ɓarɓashinsa ba cikin tsoffin takardun kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, waɗanda aka fara ganowa a 1947. Saboda haka babu wani daɗaɗɗen kwafi da za a duba a gani ko tuntuɓen alƙalami ne na wani mai kwafa.

Inda kalmar ta fito

Labarin ya faru ne a birnin Shushan, a fadar Sarki Ahasurus, wanda yawancin masana tarihi ke ɗauka shi ne Zaksis na Ɗaya, mai mulkin Farisa daga 486 zuwa 465 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafin ya ce yana da larduna 127, tun daga Indiya har ƙasar Kush. Wazirinsa Haman ya samu izinin hallaka Yahudawan daular, aka rubuta umarnin ranar 13 ga watan farko, aka ba manzanni suka fita da shi. A wannan aiken na fari marubucin ya kira manzannin da masu gudu kawai, bai ambaci ko dabba ɗaya ba.

Daga baya reshe ya juye da mujiya. Sarauniya Esta ta tona asirin Haman, ɗan'uwanta Mordekai ya karɓi zoben hatimin sarki. Amma dokar da aka buga wa hatimi ba ta sokuwa, don haka sai aka rubuta wata sabuwa ranar 23 ga wata na uku, wadda ta ba Yahudawa izinin kare kansu. Umarnin kisa ya riga ya yi kwana 70 yana yawo a cikin daula. A nan ne marubucin ya tsaya ya jera bayani a kan abin hawan manzanni: ya fara da kalmar doki da kowa ya sani, sannan ya ce rekesh suke hawa, ya siffanta su da ahashteranim, ya rufe da cewa 'ya'yan rammakim ne. Kalmomi uku masu wuya ke nan a jere, kuma ba a fahimtar ta ƙarshen sai an warware biyun da suka gabace ta.

Rekesh, dokin aikin hukuma

Rekesh ta fi sauran sauƙi, domin ta fito sau huɗu. Biyu suna cikin Esta. Ɗaya tana cikin Littafin Sarakuna na Fari, inda ake lissafin sha'ir da ciyawar da hakimai ke kai wa dabbobin Sarki Sulemanu, aka ambace ta kusa da dawaki na gama-gari, alamar cewa wani rukuni ne na musamman. Ta huɗun tana cikin Littafin Mika, inda aka ce wa mutanen birnin Lakish su ɗaura ta a keken doki, kuma annabin ya zaɓe ta ne don amonta ya yi kusa da sunan garin.

Shaida mafi ƙarfi daga wajen Tanak ta zo. A ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford akwai wasiƙun Arshama, gwamnan Farisa a Masar a ƙarshen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, rubutattu a kan fata da Aramanci, harshen da daular ke aikin ofis da shi. Ɗaya daga ciki takardar guzuri ce da ya ba wakilinsa Nakhthor, mai tafiya Masar ta Arbela da Dimashƙu. An umarci jami'an kowane zango su ba shi gari da abin sha, su ba barorinsa goma nasu rabon na kullum, su kuma ba da ciyawa gwargwadon dawakinsa, tare da gargaɗin cewa in ya wuce kwana ɗaya a wuri guda kada a ƙara masa komai. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen dawakin nan baƙaƙenta ɗaya ne da na rekesh. A harshen Suryani ma raksha doki ne. Ma'anar ta zauna ke nan: dokin tafiya da aikin hukuma.

A kan asalinta, wasu sun haɗa ta da tushen Ibrananci mai nufin tarawa da mallaka, wanda ya haifi rekush, wato dukiya. Wasu sun haɗa ta da tushen da ke nufin ɗaurewa. Akwai kuma waɗanda suka so danganta ta da rakada ta Larabci, wato sukuwa, amma ƙa'idar sauti ba ta goyi bayansu ba. Harafin lodi na Larabci yana zama "ts" ne a Ibrananci, kamar yadda ardu ta Larabawa take erets a bakin Ibraniyawa, ba ya zama "sh". Kama da wane ba ta wane.

Yadda magabata suka yi fama da ayar

Abin lura shi ne tun da wuri aka manta ma'anar sauran kalmomin biyu. Wanda ya fassara Esta zuwa Girkanci, a ƙarni na biyu ko na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsallake jerin gaba ɗaya, ya ce kawai an aika takardun ta hannun masu kai wasiƙa. Jerom, wanda ya kammala fassararsa ta Latinanci wajen shekara ta 405, shi ma bai lissafa dabbobin ba, ya kira manzannin da sunan mahayan gidan wayar Rumawa na zamaninsa.

Malaman Yahudawa na Babila sun fi kowa fitowa fili. A cikin Talmud, a sashen Megilla, ana tattauna ko wanda ya saurari karatun Esta ranar bikin Furim alhali ba ya jin Ibrananci ya sauke farali. Sai wani malami mai suna Rabina ya kafa hujja da cewa su kansu malaman ba su san ma'anar ahashteranim da rammakim ba, amma duk da haka karatunsu ya inganta. Waɗannan mutane suna zaune ne a ƙarƙashin mulkin Farisawa na lokacin, suna jin Farisanci a kasuwa da kotu, amma harshen ya riga ya sauya har ba su gane tsohuwar sigarsa ba. Wannan gaskiya tasu abar girmamawa ce, kuma ta fi amfani ga na baya a kan zato da za a yi wa rigar tabbaci.

Masu tafsiri na tsakiyar zamani sun gwada sa'arsu. Rashi, wanda ya rayu a Troyes ta Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya ce ahashteranim wasu raƙuma ne masu saurin gudu. Ibrahim ibn Ezra, haifaffen Andalus a ƙarshen ƙarni na 11, wanda ya tashi cikin Larabci, ya bi wata hanya. Ya ce rammakim goɗiyoyi ne kamar yadda kalmar take a Larabci, ahashteranim kuma alfadarai ne, yana mai bayanin cewa alfadarin da goɗiya ta haifa ya fi wanda jaka ta haifa ƙarfi. Fahimtarsa ta dace da duniyar da ya sani, domin baridi, wato gidan wayar daulolin Musulunci, ya yi amfani da alfadarai ƙwarai. Akwai kuma goyon baya daga Mishna, kundin dokokin Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200, inda rammak ta fito a babin haɗa jinsin dabbobi, masu sharhi kuma suka fassara ta da alfadarin da uwarsa goɗiya ce.

Masu fassarar Ingilishi ta Sarki James a 1611 sun tattara ra'ayoyin nan duka suka zuba a aya ɗaya: rekesh ta zama alfadarai, ahashteranim ta zama raƙuma, 'ya'yan rammakim suka zama 'ya'yan raƙuman gudu. Su ɗin dai sun fassara rekesh da raƙuman gudu a Littafin Sarakuna, suka kira ta dabba mai sauri a Mika. Kalma ɗaya ta samu fassara uku a littafi ɗaya. Har babban mai ƙamus na Jamus, Wilhelm Gesenius, wanda ya rasu a 1842, ya danganta ahashteranim da astar, kalmar Farisanci mai nufin alfadari. Raunin waɗannan ra'ayoyi guda ne: Ibrananci yana da kalmominsa na yau da kullum, gamal ga raƙumi, pered ga alfadari, kuma da su marubucin yake nufi babu abin da zai hana shi kiran su da sunansu.

Abin da duwatsun Farisa suka bayyana

Mabuɗin ya zo ne daga karanta tsohon Farisanci, wanda sarakunan daular suka sa aka sassaƙa a kan duwatsu da rubutu mai kama da kan ƙusa. Georg Grotefend ya fara gane sunayen sarakuna a ciki a 1802. Henry Rawlinson ya hau dutsen Behistun ya kwafo dogon rubutun Sarki Dariyus tsakanin 1835 da 1847. Daga nan aka san cewa tsoffin harsunan Iran suna da kalma khshathra, mai nufin mulki ko sarauta. In aka ƙara mata ɗafin siffa "ana", sai ta zama "na sarauta". Sa mata jam'in Ibrananci "im", ga ahashteranim ta fito.

Wasalin "a" na farkon kalmar ma yana da bayani. Bakin Ibraniyawa ba ya son fara kalma da baƙaƙe a cunkushe, sai ya sa wasali ya sassauta su, kamar yadda Bahaushe ya karɓi sunan burodi daga Turawa ya cusa wasali tsakanin baƙaƙen farko. Haka sunan sarkin kansa, Khshayarsha, ya zama Ahashwerosh a Ibrananci, haka kuma sarautar gwamnonin larduna, mai ma'anar mai tsaron mulki, ta zama ahashdarpenim a cikin littafin nan dai. Sau uku abu ɗaya ya maimaita kansa, kuma wannan ya wuce a kira shi dace. Ƙamus ɗin Brown, Driver da Briggs na 1906 ya riga ya karɓi wannan bayani. Ahashteranim siffa ce da ke cewa dawakin na fada ne, babu wata dabba ta dabam a cikinta.

Daga garke zuwa goɗiya

Da wannan ta warware, sai hanyar rammakim ta buɗe. Littafin Esta cike yake da kalmomin aro daga Farisanci, kusan dukansu na mulki da fada: dat ga doka, pitgam ga hukunci, partemim ga manyan fadawa, patshegen ga kwafin takarda. Kalmar da ta biyo bayan ahashteranim kai tsaye, wadda kuma babu wani aikatau a Ibranancin Tanak da za a ce daga shi ta fito, ta cancanci a fara neman ta a Iran.

Kuma tana can. A Farisancin tsakiya, wanda ake kira Pahlawi, ramak garke ne, kuma har yau rama garke ne a Farisanci. Armeniyawa, waɗanda suka ari ɗimbin kalmomi daga Iran, suna da eramak da ma'anar garke. A harshen Suryani ramka garke ne. A Larabci kuwa, Ibn Manzur a cikin Lisanul Arab ya bayyana ramaka da goɗiyar da ake ajiyewa don haihuwa, ya kuma nuna cewa kalma ce da aka Larabtar. Wannan shaida tana da nauyi, domin masu ƙamus na Larabawa da kansu ne suka ce baƙuwa ce a wurinsu. Ibn Ezra ya yi daidai da ya ga dangantaka tsakanin kalmar Ibrananci da ta Larabci, sai dai duka biyun daga rijiya ɗaya suka ɗebo.

Yadda garke ya koma goɗiya kuwa, duk mai kiwo zai gane. Garken haihuwa kusan duka mata ne, ingarma ɗaya yana isar goɗiyoyi da yawa. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce gwamnan Farisa a Babila yana da ingarmu 800 da goɗiyoyi 16,000, wato ingarma ɗaya ga goɗiya ashirin, ban da dawakin yaƙi. Wanda ya kalli irin wannan garke, goɗiyoyi zai gani. A bakin Larabawa sai sunan taron ya sauka a kan ɗaya daga cikinsa. A bakin malaman Mishna kuma ya ƙara matsawa, ya koma kan abin da goɗiyar ta haifa wa jaki. Ma'anonin nan uku matakai ne na tafiya ɗaya, kuma kuskuren magabata shi ne ɗaukar matakin ƙarshe su mayar da shi zamanin Esta.

Tarihi ya tabbatar da cewa irin waɗannan garkunan sarki sun wanzu. Filin Nisaya a ƙasar Midiya ya shahara da dawakin da babu kamarsu a duniyar lokacin. Marubucin Girka Strabo ya ce goɗiyoyi 50,000 na sarki suka yi kiwo a can a zamanin Farisawa, ya kuma ce gwamnan Armeniya yakan aika wa sarki dukushi 20,000 kowace shekara. Marubucin tarihi Arrian ya ruwaito cewa garken ya taɓa kai 150,000 kafin Iskandar Mai Girma ya iso ya tarar da kimanin kashi ɗaya cikin uku kawai. Lardin Kilikiya kuwa ya riƙa biyan fararen dawaki 360 cikin harajinsa.

Aikin da dawakin ke yi shi ma sananne ne. Herodotus ya bayyana babbar hanyar sarki daga Sardis zuwa Shushan, mai zango 111, tafiyar kwana 90 ga matafiyi, nisan da ya kai kimanin kilomita 2,500. Ya ce an ajiye mutum da doki a kowace tafiyar yini, wannan ya miƙa wa wancan saƙo, ba dare ba rana, ba ruwa ba zafi. Allunan yumɓu da aka tono a Persepolis a 1933 da 1934, na zamanin Dariyus tsakanin 509 da 493 kafin haihuwar Annabi Isa, sun nuna lissafin guzurin da aka ba manzannin gaggawa da abincin da aka ware wa dawaki. Duniyar da ayar Esta ke magana a kanta ke nan.

Abin da za a iya ƙalubalanta

Akwai tambayoyi biyu da mai adalci zai yi. Ta farko, ramak ta Pahlawi ta bayyana a rubuce ne ɗaruruwan shekaru bayan zamanin Zaksis, kuma ba ta cikin rubutun duwatsun tsohon Farisanci. Amsa ita ce rubutun duwatsun nan kaɗan ne, kuma maganar nasaba da yaƙi da gine-gine suke yi. Bazuwar kalmar daga Armeniya har ƙasar Larabawa da ma'ana mai kusanci tana nuna tsohuwa ce.

Ta biyu, rammak tana da shadda a tsakiya, sigar da Ibrananci ke ba masu sana'a, kamar tabbah, mai dafa abinci, daidai da yadda Larabci ke cewa najjar ko khabbaz. Wannan ya buɗe ƙofar a karanta ta da ma'anar masu kiwon dawaki. Amma harshe yakan zuba kalmar aro cikin sigar da ya saba da ita, kuma wasullan da ake karantawa yau malaman Masora ne suka sa su, fiye da shekara dubu bayan zamanin labarin. Ko da ma an karɓi wannan karatu, bai fitar da mu daga garken sarki ba, ya dai matsa daga dabbobin zuwa masu lura da su.

Saura zaɓi tsakanin "'ya'yan garke" da "'ya'yan goɗiyoyi". A nan mahallin ayar ya yanke hukunci. Kowane doki goɗiya ce ta haife shi, don haka faɗin hakan ba ya ƙara wa mai karatu komai. Cewa haihuwar garken sarki ne kuwa bayani ne na asali da daraja, kuma ya yi daidai da siffar "na sarauta" da ta gabace shi. Marubucin yana so a san cewa umarnin ceton ya fita a kan mafi kyawun dawakin da daular ta mallaka, abin da bai faɗa ba game da umarnin kisa.

Hukuncin da hujjoji suka fi goyon baya shi ne rammakim kalmar aro ce daga harsunan Iran, asalin ma'anarta garke, kuma a Esta tana nufin garken haihuwar dawakin sarki. Babu raƙumi a ayar, babu alfadari. Mai fassara ta zuwa Hausa zai yi daidai in ya ce manzannin sun hau dawakin gudu na fada, haihuwar garken sarki. Ga ɗalibanmu masu Larabci kuma, su lura cewa wata ƙaramar alama a ƙamus ɗin Ibn Manzur tana cikin shaidun da suka warware abin da ya gagari malaman Babila. Wanda ya riƙe Larabci da kyau ya riga ya yi rabin tafiya zuwa Ibrananci da Aramanci, kuma fagen nan yana buƙatar irinsa.